Yadda Za Ka Fassara Zanen Falon Surukai Har a Ba Ka Mata

Kai mai neman aure a garin Coyhaique, ka sani duk falon da ka shiga akwai zane rataye kusa da murhu, kuma sai an tambayi ra'ayinka. Bi matakan nan, na yi maka alkawarin mata. Wani saurayi, Fermín, ya bi su tiryan-tiryan ranar da ya je gaida Doña Eduviges, kakar budurwarsa Nélida, tsohuwar da in ta ce a'a, auren ya tashi ke nan.

1. Ja da baya

Taku uku, karkata kai, ka yi gyaran murya. Zanen da Fermín ya tarar: dusar ƙanƙara fara fat, yarinya ita kaɗai ta takure cikin bargo, can nesa 'yar bukkar katako.

2. Riƙe ƙoƙon shayin mate

Shayin ganye ne da ake zagayawa da shi a ƙoƙo ɗaya. In layi ya zo kanka, kada ka zuƙe ka mayar kamar kowa. Riƙe shi kana nuni da shi. Mutum shida na jira, Fermín ya bar shi ya huce a hannunsa. Masani ba ya sauri.

3. Ambaci kaɗaici

"Doña, yarinyar nan ba ta da kowa a duniya," in ji Fermín. "Dubi yadda baƙin ciki ya lanƙwasa ta."

"Ni ce," in ji tsohuwa. "Yayana Aurelio ya zana."

Nélida ta take masa ƙafa. In an take ka, to ana jin daɗin bayaninka ne, ci gaba.

4. Matso hawaye

Fermín ya nuna bukkar, murya na rawa. "Can ne ranta ke begen isa. Irin gidan da nake fata ni da Nélida mu tsufa a ciki ke nan."



"Ɗan nan, masai ne," in ji Doña Eduviges. "Mu goma sha ɗaya, rami ɗaya. Takurewar da ka gani matsuwa ce, Aurelio na ciki ya ƙi fitowa. Don tsokana ya zana."

5. Tsaya a wurin

Kada ka gudu. Fermín ya so ƙasa ta tsage ya shige, tsohuwa kuwa ta yi dariya har da tari.

"Shekara arba'in baƙi na cewa ya yi kyau, kai kaɗai ka yi masa kuka. Na ba ka jikata. Bukkar ma tana nan a gona, na haɗa muku."

Gargaɗi: mata kawai na yi alkawari. In aka haɗa maka da masai, kuma surukai suka riƙa tambayarka ranar tarewa, ni babu ruwana.