Yadda Za Ka Yi Arziki Da Waƙar Mahaifiyarka A Yutub

Ɗan'uwa mawaƙi, matso kusa. Idan ka gaji da rera waƙa a gidan biki ana sallamarka da shinkafa a roba, to wahalarka ta ƙare. Matakai bakwai ne kacal, kuma na ba ka tabbacin duk wanda ya bi su sai ya ga kuɗi da idonsa. A hannun wa zai gan su, wannan za mu zo kansa. Ba da ka na tsara su ba. An gwada su a kan Tobiya, maƙwabcina a Yelwa, malamin firamare mai kaɗa jita a coci, kuma ga shi nan da ransa.

Mataki na 1: Nemo waƙar da ba za ka biya ko sisi ba

Kada ka wahalar da ƙwaƙwalwarka, je gida ka ɗauko. Mahaifiyar Tobiya tana wani ƙauye bayan Sunkani, kuma tana da waƙa guda da ta ƙirƙira da harshen Mumuye a shekarar da mijinta ya rasu, lokacin da take tara kunyar doya ita kaɗai. A cikinta take kiran sunayen 'ya'yanta biyar ɗaya bayan ɗaya, har matan ƙauyen suka ɗauka suna yi a wurin gayya.

Tobiya ya durƙusa ya ce, "Mama, zan sa waƙarki a waya, duniya ta ji."

Ta ce, "Ka ɗauka mana. Amma ka dawo mini da shi yadda ka ɗauka."

Ya yi dariya, don haka take faɗa wa duk wanda ya zo aron fartanya. Kai ma ka yi dariya ka ce to.

Mataki na 2: Sa hannu, kada ka karanta

Nemi kamfani. Tobiya ya sami Oga Manga, mai Tsaunin Zinariya Rakod, ɗaki ɗaya a saman shagon cajin waya kusa da Kasuwar Jalingo. Za ka gane babban furodusa da baƙin tabarau a cikin ɗaki.

Zai saya maka lemo mai sanyi, sannan ya miƙo takarda shafi goma sha ɗaya da Turanci. Tobiya malami ne, karatu ba ya ba shi tsoro. Amma ta yaya za ka zauna kana bin takardar mutum layi-layi, lemonsa na hannunka? Ai ka kira shi ɓarawo ke nan a ofishinsa. Idonsa dai ya faɗa kan wani wuri a shafi na tara da ke nufin "har abada", ya ɗan yi tari.

Oga Manga ya ce, "Wannan grama ne na loya kawai, ƙanina. Ni da kai akwai takarda? Sa hannu mu fara cin dala."

Riƙe wannan hikimar: mai kunya ba ya wuce shafin farko.

Mataki na 3: Ɗauki bidiyon da babu doya a cikinsa

Waƙar gona ce, saboda haka a bakin wurin ninƙaya na otal za a ɗauka. Ari mota, ari sarƙa, a kawo ƙaramin jirgin nan mai ɗaukar hoto daga sama. Idan ka tambayi wa zai biya, za a ce kamfani. Kada ka saurari kalmar da ke biyo baya, wato "tukuna".

Tobiya ya roƙa a sa tsohuwar ko da daƙiƙa biyar ne. Oga Manga ya ce fuskar ƙauye ba ta jawo kallo. Abin ya sosa masa rai, amma ya haɗiye, ya gyara sarƙar aro.

Mataki na 4: Zama maroƙin kallo

Daga yau ba ka da abokai, masu kallo gare ka. Bi ofishin malamai, bi 'yan kwayar coci, bi layin banki ranar albashi. Duk wanda ya ce ba shi da data, saya masa. Ka tsaya a kansa har ya gama, kuma ka riƙe masa yatsa kada ya tsallake talla, don a tallar kuɗin yake.

Sai dai akwai ɗan abin da ba a faɗa da wuri. Mai talla aljihun mai kallo yake dubawa. Mutum ɗaya a Landan, yana kallo yana hamma, zai iya fin layinku gaba ɗaya daraja. Don haka nemi danginka na ƙasar waje. Tobiya ya bincika zuriyarsu kaf, wanda ya fi kowa nisa yana Gembu, nan cikin jiharmu.

Mataki na 5: Je ka karɓi rabonka

Cikin wata takwas waƙar ta kai kallo dubu ɗari uku. Masu keke na sa ta, hedimasta ya fara gaishe shi da hannu biyu, wasu har sun fara kawo masa matsalolinsu. Ya sa rigar Lahadi ya hau benen Oga Manga.

Zauna ka kalli kalkuleta. Masu dandalin sun ɗauki nasu, mai rarraba waƙar a intanet ya ɗauki nasa, kamfani ya ɗauki saba'in cikin ɗari. A cikin talatin ɗinka za a cire mota, jirgi, otal, da lemon nan na ranar sa hannu. Tobiya ya sauko da naira dubu tara da ɗari biyu da hamsin. Atamfar da ya yi niyya ta gagara, sai ya aika wa tsohuwar sabulu da gishiri.

Mataki na 6: Yi fushi ka buɗe tasharka

Wannan matakin kowa na zuwa gare shi. Da lokacin tara kunya ya zagayo, Tobiya ya tafi ƙauye da wayarsa, ya ɗauki bidiyon mahaifiyarsa tana rera waƙar a gona, ƙafa cikin ƙasa, mata na amsa mata. Da ta zo kan sunansa muryarta ta ɗan karye. Ya ɗora a tasharsa da sunanta, yana jin a karon farko ya yi abin kirki.

Kwana biyu saƙo ya shigo. Tsaunin Zinariya ya kai ƙorafi cewa an yi amfani da waƙarsa ba izini, an sauke bidiyon. Tobiya ya kira Oga Manga.

"Oga, uwata ce fa! Ita ta yi waƙar!"

"Na sani, ƙanina, ka gaishe ta. Amma duba shafi na tara. In Mama yana so ya yi waƙan a intanet, ya zo ofis, zan yi masa ragi."

Mataki na 7: Koma ka yi bayani

A nan ba ni da dabara. Tobiya ya same ta a gona, ya yi ta kewaye-kewaye, ƙarshe ya faɗa. Ta jingina da fartanya tana kallonsa.

"Wannan Manga, cikin yara biyar wanne ne nasa?"

Ta nuna kunyoyin da ke gabanta, ta ƙara tambaya.

"To a gonana fa? Sai na tambaye shi?"

Ya rantse mata cewa a gona babu mai hana ta, takardar ba ta kai nan ba. Ta ce to, ta sunkuya ta ci gaba da aiki. Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi masa sauƙi. Tun ranar, in matan gayya suka ɗauko waƙar, sai ta ɗaga hannu ta ce, "Ku bari. Na mutane ne."

Sanarwa

Mai wannan rubutu alkawarin ganin kuɗi ya yi, kuma an gani. Ba ruwansa da datar da ka ƙona, ko albashin da ya bi ta, ko abin da ka aro ka kasa mayarwa. Idan gonarku ta yi tsit, kada ka buga mini ƙofa. Waƙar tana nan a tashar Oga Manga, kunna wa tsohuwar ta ji sunanka. Ka dai riƙe mata yatsa kada ta tsallake talla.