Sallau Ya Yi Iyo a Kogin Ƙanƙara

Wani mutum ne a Malumfashi, Sallau, amma ba mai nuna maka gidansa sai ka ce Sallau Ba-inda. Dalili kuwa, kowane gari ka ambata, kafin ka rufe baki ya cafe: "Ba inda ban taka ba." Ka ce Masar, ya ce can ya yi aski. Ka ce Sin, ya ce har yau cigiyarsa suke yi. Mutumin nan da baki ya zaga duniya sau uku, takalminsa ko labari bai samu ba. Bara ma ya ɓace wata uku cur, ya dawo da wata rigar sanyi ta gwanjo mai gashi a wuya, ya ce daga ƙasashen Turawa yake.

To, sai ga Sallau ya faɗa son Ladiyo, wata bazawara mai ɗinki, so kuwa na gaske, har abinci ya daina shiga. Ita Ladiyo sharaɗinta ɗaya ne, ba ta auren maƙaryaci, don mijinta na farkon ma ƙarya ce ta raba su. Ta ce ya je ya gaida yayanta Malam Haladu, in ya yarda da shi, shi ke nan.

Sallau ya ɗauko abokinsa Tanimu direba ya raka shi. A hanya ya ja masa kunne, duk abin da ya faɗa, shi dai ya gyaɗa kai. Tanimu mutum ne da ƙarya ke maƙale wa a wuya, ya ce zai gyaɗa, amma fa inda gaskiya take. Sallau bai ma saurara ba, yana ta gyaran rigar sanyi, ga rana ƙwal.

Malam Haladu tsohon malamin makaranta ne, shekara talatin yana koyar da labarin ƙasa. A zaurensa akwai wata tsohuwar kalanda mai hoton manyan duwatsu, da wani farin abu shimfiɗe a tsakaninsu. Bayan gaisuwa, Malam ya nuna hoton, ya ce kogin ƙanƙara ke nan. Ya ce duk rayuwarsa a littafi yake karanta shi, burinsa kawai ya haɗu da wanda ya gan shi ido da ido.

Da Sallau ya yi shiru, da yanzu an ɗaura aure. Amma ina! Bakin ya riga ya motsa.

"Kogin ƙanƙara? Malam, ai ni iyo na yi a cikinsa."

Malam ya gyara zama, murna fal fuskarsa. Sallau kuwa ya samu fili. Ya ce tun daga nesa kake jin rurinsa, wuuu, gudunsa ko mota albarka. Ya ce Turawa sun yi cirko-cirko a bakin gaɓa suna tsoro, shi ko ya tuɓe riga ya faɗa, tsundum! Ya haye, ya dawo, har ya kamo tarwaɗa biyu a hanya.

Malam ya sosa gemu. Ya ce ikon Allah, su dai abin da suka koya daban ne. Dusar ƙanƙara ce ke zuba a kan dutse shekara da shekaru ba ta narkewa, ta sama ta danne ta ƙasa, har ta dunƙule ta yi tauri. In nauyi ya ishe ta sai ta fara silalowa gangare a hankali, tana kankare duwatsu, tana jan su, har ta rarake kwari mai faɗi kamar cikin akushi. Wani a yini guda bai fi taku ɗaya ba, kunkuru ma sai ya wuce shi. To, ta yaya ake iyo a cikin abu mai tauri haka?

Gumi ya fara tsattsafo wa Sallau ta cikin gashin riga. Ya ce ai wannan na rani ne Malam ya karanta, shi da damina ya je. Malam ya ce, to tarwaɗar fa? Sallau ya ce irin ta can ce, mai jure sanyi. Ya juya ya zunguri Tanimu.

Tanimu kuwa duk zaman nan ko sau ɗaya bai gyaɗa kai ba, sai yanzu ya ji abin da zai iya shaida. Ya gyaɗa kai da ƙarfi, yana murna zai taimaki aboki.

"Wallahi Malam, wannan kam gaskiya ya faɗa. Da damina ne. Ni na kai shi Ƙanƙara da motata, wajen gwaggonsa, ko awa ɗaya ba mu yi a hanya ba. Da na koma ɗauko shi, a rafin bayan gari na same shi yana wanka. Ruwan dai iya gwiwa ne."

Malam ya dubi kalanda, ya dubi Sallau, ya tambaya a hankali, "Au, Ƙanƙara ta nan jihar Katsina?"

Sallau ya sunkuyar da kai, ya koma gyaran rigar sanyi.

Ashe Ladiyo na bayan labule tun farko. Sai aka ga hannu ya turo kwanon sha, ruwa ne da ƙatuwar ƙanƙarar firji tana yawo a ciki.

"Yaya, a miƙa wa baƙo," in ji ta. "In ya haye wannan, a sa rana."