Yadda Za Ka Kai Matarka Hutun Jirgin Ruwa A Gulbin Jega

Kai maigida, matso kusa. Idan ka taɓa yi wa matarka alkawarin abin da ko kakanka bai gani ba, kuma yau ta riƙe maka wuyan riga, ka zo inda ya dace. Duk wanda ya bi matakan nan daki-daki, na ba shi tabbacin matarsa za ta shiga jirgin ruwa, ta sha iska, ta koma ɗakinta. Ba da ka nake magana ba. Na gwada su a kan Attahiru, dillalin albasa a Aliero, shekarar da aka yanke mana jiha daga Sakkwato, kuma har yau yana raye.

Mataki na ɗaya: Ka yi alkawarin da girma

Ƙaramin alkawari shi ke kashe aure, domin ana iya cika shi. Kai ka nemi wanda ya fi ƙarfin kowa.

Attahiru ya taɓa raka lodin albasa Ikko. Ya dawo da kalanda mai hoton wani farin jirgi, bene kan bene, da tafkin wanka a samansa, ga Turawa kwance a gefe kamar kifin da aka shanya. Ya rataye ta a ɗakin matarsa Zulaiha, ya ce mata a cikinsa ya huta gajiyar hanya. Gaskiyar magana, daga saman lodi ya hango teku suna kan gada, kuma runtse ido ya yi har suka sauka. Amma a majalisa kowa ya san Attahiru ya ratsa teku a tsaye, hannu a aljihu.

"In Allah ya so, da kaina zan kai ki," in ji shi.

Kada ka ga laifinsa. A shekarar nan kowa alkawari yake yi. Har mai shayin tasha yana cewa zai gina otal a Birnin Kebbi.

Mataki na biyu: Ka jira sai ta yi yaji

Babu gaggawa. Mai hankali ba ya gyara katanga sai ta faɗi.

Zulaiha ta yi ta tara alkawura har ɗaki ya cika, rannan ta ɗaure kayanta ta tafi gidansu a Kuberi. Attahiru ya yi ta cin tuwon maƙwabta har suka fara rufe ƙofa da wuri, sannan ya je biko. Surukinsa Malam Rufa'i, malamin allo ne mai magana a hankali, ya sa aka kira ta zaure.

"Baba," in ji ta, "alkawalinai ya hi yashin gulbi yawa. Ban ce shi cika su duka ba. Guda nika so. Shi kai ni jirgin ruwan da yac ce."

Malam ya dubi Attahiru. "Ka hwaɗi haka?"

"Na hwaɗi, Allah gafarta Malam."

"To, ka kai ta. Ran da ka kai ta, ta koma. In ba ka kai ta ba, ka san hanyar da ta kawo ka."

Daga nan Attahiru bai zame ko'ina ba sai wurina, ido ya yi zuru-zuru. Na tambaye shi ko Malam ya ambaci teku. Ya ce a'a. Na ce ya ambaci bene? Ya ce a'a. Na ce to, jirgi jirgi ne, ruwa ruwa ne, ga gulbi nan a bayan Jega Allah ya shimfiɗa mana kyauta.

Mataki na uku: Ka kwatanta kamfanoni kafin ka zaɓa

Nan ake gane masani. Kada ka faɗa jirgin da ka fara gani kamar baƙauye. A mashigin da na kai Attahiru akwai manyan kamfanoni, kowanne da kwalekwale ɗaya da mai shi.

Kamfanin Tamu shi ne na zamani, domin yana da inji. Injin yakan tashi idan ya ga dama, kuma yawanci a tsakiyar ruwa yake tuna cewa ya gaji. Amfaninsa, ƙararsa ba ta barin mace ta yi tambaya. Illarsa, idan ya mutu sai wuri ya yi tsit, tambayoyin su zo gaba ɗaya.

Kamfanin Kalilu ya yi suna wajen abinci. Shi ke ɗauko masu fura da masu ƙuli-ƙuli ranar kasuwa, saboda haka ƙamshi kyauta ne tun daga wannan gaɓa har waccan. Sai dai shi ke ɗauko awaki ma, kuma akuya ba ta san fasinjan alfarma ba.

Kamfanin Yari shi ne ya fi kama da na kalanda, domin shi kaɗai ne ke da tafki a ciki. Ruwan ta ƙasa yake shigowa. Kowane fasinja ana ba shi ƙoƙo ya riƙa kwarfewa, abin da Turawa ke biya a ba su da sunan motsa jiki. Yari ba ya sauri, ba ya magana, gorarsa kawai yake turawa. Shi na zaɓa wa Attahiru.

Ka riƙe wannan hikima: jirgin da ya fi kyau shi ne wanda mai shi bai san surukinka ba.

Mataki na huɗu: Ka raɗa wa komai suna

Bambancin hutu da wahala suna ne kawai. Kai za ka riƙa raɗawa tun kafin ta buɗe baki.

Da hantsin ranar kasuwa Attahiru ya iso mashigi da babbar riga ta sha guga, Zulaiha na biye cikin mayafinta na biki. Damina ta ja baya, ruwa ya fara sauka. Ta dubi kwalekwalen, ta dubi mijinta, ta daɗe tana dubansa.

"Wanga shi na?"

"Ƙanensa ne," in ji shi. "Babban yana gyara."

Ta tattare mayafi ta shiga. Ya nuna mata buhun gero ya ce kujerar manya ce. Tsofaffin mata 'yan kasuwa da suka cika jirgin ya ce abokan tafiya ne daga ƙasashe daban-daban, kuma bai yi ƙarya sosai ba, domin wasu daga Katanga suke, wasu daga Alelu. Da ta nuna can nesa ta ce ai ga gada can motoci na wucewa, ya ce gada ta masu sauri ce, mai hutu ba ya hawa gada.

Abin da ban shirya masa ba shi ne Zulaiha ta ji daɗin tafiyar. Ta tsoma hannu a ruwa, ta sayi gyaɗa, ta shiga hira da tsofaffi kamar tare aka haife su.

Mataki na biyar: Ka zauna kamar wanda ya saba

Ka miƙe baya, ka dubi nesa, ka riƙa cewa wannan ai wasan yara ne in an gwada da teku.

Attahiru ya faɗi haka da ƙarfi suna bakin gaɓa. Da gaɓa ta yi nisa, murya ta koma ciki. Ya kama gefen jirgi da hannu biyu, ya manta da ƙoƙonsa, tafki ya fara cika ta ɓangarensa har ya jiƙa masa gindin riga. Wata tsohuwa mai daddawa ta leƙa fuskarsa.

"Ɗana, lahiya? Ka yi hwari."

"Iskar ruwa ce, Inna. Haka take yi wa waɗanda suka saba."

Mataki na shida: In ka faɗa ruwa, ka kama bakinka

Wannan ne matakin da ya fi kowanne, kuma shi ne Attahiru ya tsallake.

Suna tsakiya jirgi ya hau tudun yashi ya tsaya cak. Abin da ke faruwa kullum ne. Yari ya yi nuni da hannu a ɗan motsa baya. Mata suka motsa, jirgi ya karkata, Attahiru ya zabura zai gudu, ya manta babu inda ake gudu. Sai ji aka yi tsundum.

Babbar riga ta buɗe a kan ruwa kamar laima, shi yana ƙarƙashi yana dukan yashi. Da ya ɗago kai daga ruwa, ya yi kalmar shahada, daidai ne. Da ya tsaya nan da an wuce wurin. Amma ya ɗaga murya har masu wanki a gaɓa suna ji:

"Jama'a ku shaida, na zalunci baiwar Allah nan. Rumbun albasata duka na ba Zulaiha, halak malak, duniya da lahira."

Albasar nan ita ce ya ɓoye tun rani yana jiran ta yi tsada, kuma ta yi.

Zulaiha ta miƙa wa mai daddawa gyaɗarta, ta tattare zane, ta sauka a hankali. Ruwan bai wuce gwiwarta ba. Ta kama shi ta wuyan riga.

"Maigida, tashi tsaye."

Ya tashi. Ya dubi ruwa, ya dubi gwiwarsa. Babu wanda ya yi dariya, sai Yari da ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa. Zulaiha ta waiwayi tsofaffin.

"Iyayena, kun dai ji."

Suka ce sun ji, kuma in ana so su maimaita a gaban kowa.

Mataki na bakwai: Ka zaɓi abin da za ka rasa

Zulaiha ta cika nata alkawarin, ranar ta koma Aliero. Attahiru kuwa ya bari riga ta bushe, ya nufi Kuberi neman fatawa. Ya ce wa Malam Rufa'i kyautar da aka yi cikin tilas ai ba kyauta ba ce.

"Gaskiya ne," in ji Malam. "Wa ya tilasta ka?"

"Ruwa, Allah gafarta Malam."

"An ce mini iya gwiwa ne. Amma ba komi. Ka zo ranar Juma'a bayan an sauko, ka hwaɗa ma jama'a cewa kai da ka ratsa teku a tsaye, ruwan gwiwa ya gusar maka da hankali. In ka hwaɗi, albasa taka ce."

Attahiru ya auna abin. A hannu ɗaya ga rumbu, a ɗayan ga majalisa da labarin teku. Ya miƙe, ya kakkaɓe riga, ya ce ai dama ya daɗe da niyyar ba ta, wuri mai kyau kawai yake jira. Malam ya sa masa albarka.

Ka ga namiji ke nan. Albasa kowace shekara ana nomawa, amma ƙarya mai kyau sau ɗaya ake samunta a rayuwa.

Sanarwa

Ni mai wannan nasiha ba ni da jirgi, ba ni da gulbi, kuma ban tura kowa ba. Duk wanda ya jiƙe, ko ya yi mura, ko ya yi kyautar da bai shirya ba, tsakaninsa da bakinsa. Kada a aiko mini da dattawa, kada a tare ni a kasuwa, kada a gaishe ni da harara a wurin ɗaurin aure. Mai ƙorafi ya je ya ga Attahiru, yana nan lafiya, har ya samu aiki: shi ke yi wa Zulaiha dillancin albasarta. Tana ba shi la'adarsa ba ta ragewa. Ta dai gaya masa tana duba aikinsa, in bai gyara ba akwai dillalai a Jega.