Rasuwar Mai Girka Manhajoji a Kwamfutar Yaya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda tsoro ya ɗan fi yawa a cikinta, Injiniya, autan gida kuma masanin kwamfuta a bakin kansa, yana sanar da 'yan'uwa rasuwar mai girka manhajoji na kwamfutar yayarsa. Marigayin shi ne bawan nan na cikin kwamfuta da ke ɗebo manhaja daga intanet, ya girka ta, ya sallami wadda ta tsufa.

Marigayin mai ladabi ne. Bai taɓa ɗaga ko tsinke ba sai ya tambaya, “Ka yarda a ci gaba?” Injiniya kuwa bai taɓa karanta abin da ke saman tambayar ba, don karatu na 'yan koyo ne.

Ciwon ajali ya soma ranar Litinin, da Yaya ta roƙi a saka mata manhajar lissafi guda ɗaya tak, don ta kammala kundin digirinta da za ta miƙa ranar Alhamis, in ba haka ba ta maimaita shekara. Injiniya ya ce aikin minti biyar ne. Marigayin na tsaka da sabunta kayansa, batir kuma ya daɗe da mutuwa, sai Injiniya ya zare wayar wuta don ya jona dutsen guga. Daga nan marigayin bai ƙara cewa komai ba sai, “Akwai abin da ya karye.”

An yi jinya iya ƙoƙari. Injiniya ya kwaso magunguna goma sha ɗaya daga bakin mutanen intanet da bai san ko sunansu ba, ya ɗura masa duka a zama guda. Na ƙarshen ya nemi izinin cire manhajoji ɗari huɗu da bakwai. Marigayin ya tambaya cikin ladabinsa, Injiniya ya amsa cikin gwanintarsa. Fankar kwamfutar ta yi fuuu, allo ya yi baƙi.

Ya rasu ya bar madannai da harafi ɗaya ya ɓalle, da linzamin kwamfuta maraya, da firinta wadda dama ba sa ga-maciji.

An riga an yi wa gawa wanka da safiyar yau Laraba, an goge faifan ajiyar kwamfutar tas. Injiniya bai damu ba, ya san Yaya mai tsari ce, tana da kwafin kundinta a filashi. Sai da ya gama ya duba filashin da ya tsinta a jakarta, wanda ya share ya zuba sabon tsarin kwamfuta a ciki, ya ga an manna masa 'yar takarda da rubutun hannunta: “Babi na 1 zuwa 5.”

Za a yi jana'iza da ƙarfe uku a kan teburin falo. Yaya tana tashi daga aiki ƙarfe huɗu, kuma ba ta sani ba tukuna. Ana roƙon dangi su zo da yawa, musamman masu ƙarfin hannu, su zauna tsakaninta da mai makoki.