Ranar da Baturiyar Motar Baffa Ta Ce In Juya

Ko da zan manta komai a duniya, ba na jin zan taɓa mantawa da ranar ɗaurin aurena a Fulatan. Kowane ango yana tuna ranarsa da murmushi. Ni kuwa in na tuna tawa, sai in ji gumi ya tsattsafo mini a goshi, ko da a cikin ruwan sama nake.

A lokacin ina koyar da kwamfuta a wata sakandare a Ƙaraye. A unguwarmu kuwa ba a kira na da sunana, Injiniya ake ce mini. Wayar wani ta ƙi kamawa, a kawo mini. Rediyon wata tsohuwa ta shaƙe, a aiko mini. (Tsakanina da ku, rabin gyaran da nake yi kashewa ne da sake kunnawa, amma nakan ɗan ɓata lokaci ina ɗaure fuska don a ga aikin da nauyi.) Sunan nan ya hau mini kai sosai, har ya zamana ba na iya furta kalmar "ban sani ba".

Ƙanin mahaifina, Baffa Haladu, ɗan kasuwar hatsi ne, kuma shi ya riƙe ni tun rasuwar babanmu. Ana saura 'yan watanni bikina ya sayi wata mota Beljiyam, baƙa wuluk, mai allo a gaba. A cikin allon akwai na'urar nuna hanya, irin wadda ke aiki da tauraron ɗan adam. Matsalarta ɗaya: taswirar da ke ciki ta ƙasar Turawan da aka kawo motar ce. Kana tsakiyar kasuwar Ƙaraye, allon zai nuna ka a wani fili fari fat. Amma tana da murya. Lokaci-lokaci wata mace takan yi 'yar magana da Turanci a hankali, Baffa ya yi dariya ya ce, "Kun ji Baturiyata tana gaishe ku."

Wata rana ya ce mini, "Injiniya, ba za ka koya wa Baturiyar nan hanyoyin garinmu ba?"

"Baffa, ai wannan ƙaramin aiki ne," in ji ni.

Na shiga intanet, na sauko da sabuwar manhajar na'urar, wato shirin da ke tafiyar da ita daga ciki, na ɗora mata. Allah Ya taimake ni na fara kwafe tsohuwar a filash, 'yar ma'ajiyar nan da ake sokawa a kwamfuta, na ajiye. Sabuwar ta hau lafiya, ga titin Ƙaraye zuwa Rogo ya fito raɗau a allo. Sai dai Baturiya ta yi gum. Na ƙara murya, shiru. Na ƙara, na ƙara, har na ƙure ta, ko tari ba ta yi ba. Haka na bar ta na fita ina kame-kame.

Daga ranar Baffa ya samu abin tsokana. Duk majalisar da ya gan ni sai ya nuna ni da baki ya ce, "Ga wanda ya kashe mini Baturiya." A yi ta dariya, ni ma ina yi don dole.

Da safiyar ɗaurin aure, ana goge motoci a ƙofar gida, Baffa ya shafa tasa ya ce, "Ita za ta ja gaba. Kash, da tana magana, da yau surukai sun ga abin mamaki."

Wannan maganar ce ta kai ni ta baro. Ina cikin farar shadda, an ɗora mini babbar riga mai aiki har ƙasa, ƙamshin turare yana tashi, amma na koma ɗaki na ɗauko filash. Abokina Nafi'u, wanda zai tuƙa mu, ya riƙe mini hannu.

"Kai, ango! Me za ka yi kuma?"

"Tsohuwar manhajar zan mayar mata. Kafin a gama hawa motoci ta gama."

"Ka bari sai an dawo mana."

"Nafi'u, aikina ne fa. Ka taɓa ganin na taɓa abu ya gagare ni?"

(Ya taɓa gani, ba sau ɗaya ba. Kunya ce kawai ta hana shi lissafo mini.)

Na soka filash, na danna abin da zan danna. Allon ya yi baƙi, wani siririn layi ya fito ya fara cika a hankali, sai ga gargaɗi da jan rubutu: kada a kashe mota har sai an gama, in ba haka ba na'urar na iya mutuwa gaba ɗaya. Na dai dake. Aka hau motoci, layin bai kai ko'ina ba. Muka bar Ƙaraye, muka ɗauki hanyar Rogo, kowa yana hira yana raha, ni idona na kan allo kamar mai jiran sakamakon asibiti. Muka sauka daga kwalta muka shiga hanyar ƙauye, gonakin dawa da gyaɗa hagu da dama, layin nan yana rarrafe. Har muka isa Fulatan da saura.

An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan surukina, Malam Isuhu, a ƙarƙashin wata babbar darbejiya. Jama'a sun cika maƙil. Da yake motarmu ce a gaba, aka yi ta yi wa Nafi'u nuni da hannu, "Matso, matso," har ya kai ta bakin tabarmin. Ya kai hannu zai murɗa makulli, na cafke shi.

"Kar ka kashe! Bar ta a kunne. Sauke gilasan ma, kada zafi ya yi mata yawa."

Ya dube ni, ya girgiza kai, ya fita.

Muka gaisa da mutane, aka yi ta "an zo lafiya, ya hanya, Allah Ya sa alheri". Ni da abokaina muka zauna daga gefe, na sunkuyar da kai irin na angon kirki. Baffa, a matsayinsa na wakilina, ya matsa gaban liman, ya fuskanci Malam Isuhu. Liman ya yi huɗuba, wuri ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙugin injin motar a hankali. Baffa ya gyara murya ya ce, "Muna nema wa ɗanmu auren 'yarku Sa'adatu."

Malam Isuhu ya buɗe baki zai amsa.

A daidai nan na'urar ta gama aikinta. Baturiya ta farfaɗo. Kuma ta farfaɗo ne a kan muryar nan da na ƙure tun watannin baya na manta. Wata ƙara ta tashi kamar an buga ƙararrawar makaranta a cikin kunne, sai muryar mace ta fasa wurin da Turanci, ta sifikun motar na gaba da na baya. Tsuntsayen kan darbejiya suka watse. Wani dattijo ya zabura har hularsa ta faɗi. Mai riƙe da farantin goro ya sake shi.

"Innalillahi! Wace ce wannan?" in ji liman.

Ta sake maimaitawa, da ƙarfi, a natse, ba ko gargada. Abin da ya faru shi ne, tsohuwar manhajar ta dawo da tsohon adireshin mai motar na can Turai, ta duba ta ga mun yi nisa da gida, shi ne take ba da shawara. Ni na gane haka nan take. Jama'a kuwa ba su gane komai ba, sai da kawun amarya, wani tsohon hedimasta da ke zaune kusa da liman, ya ga dama ta samu ya nuna bai manta Turancinsa ba. Ya ɗaga yatsa ya ce da babbar murya:

"Cewa take yi, idan da hali, a juya a koma!"

Wurin ya ɗauki salati. Wani ya ce mace ce aka ɓoye a motar ango. Wani ya ce ba mutum ba ce. Na hango Baffa yana ɗaga hannu yana cewa, "Jama'a, ku tsaya, na'ura ce..." amma Baturiya ta sake danne muryarsa.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na tattare babbar riga na ruga na faɗa mazaunin direba. Na danna allo, duk ya canza, madannin rage murya ba ya inda na san shi. Na danna nan, na danna can, sai ma ta ƙara wata magana a kai. Yanzu za ku ce, me ya hana ka kashe motar? Wallahi tambayar da nake yi wa kaina ke nan har yau. Makullin yana nan a gaban gwiwata. Amma jan rubutun nan na safe ya riga ya zauna mini a ƙwaƙwalwa, kar a kashe, kar a kashe. Sai wata dabara ta faɗo mini, wadda a lokacin na ga babu kamarta: in ɗauke motar daga wurin, in kai hayaniyar nesa, a samu a ƙarasa ɗaurin aure cikin natsuwa.

Na ja ƙofa na rufe. Na sa giya. Na yi baya, na murza sitiyari, na juya kan motar a gaban ɗaruruwan idanu, na taka mai.

Ina tafe ina jin daɗin kaina, har ina cewa a zuci, ai ka ga amfanin mai saurin tunani. Baturiya ma da ta ga na juya sai ta yi shiru. Na wuce masallaci, na wuce injin niƙa, na fita bayan gari. Sai da na tsaya a gefen wata gona, na murɗa makulli, komai ya mutu, sannan na duba madubi na ga hanya fayau babu kowa. A nan ne hoton abin ya haɗu a kaina, yadda mutanen da ke kan tabarma suka gan shi. An nemi aure. Mace ta ce a juya a koma. Ango ya tashi a guje, ya shiga mota, ya juya, ya koma.

Na kifa kai a kan sitiyari.

Wayata ta yi ƙara. Baffa ne.

"Kana ina?" Muryarsa ƙasa-ƙasa, irin wadda ban taɓa ji ba.

"Baffa, ina nan bayan gari, na kawo ta ne don..."

"Ka fasa ne?"

"Wallahi Baffa ban fasa ba!"

"To ka dawo. Da ƙafa. In na sake ganin motar nan a nan, ni da kai ne."

Haka na kulle ta na taho a ƙasa, cikin rana, babbar riga tana jan ƙasa, sabon takalmi yana cizo na. Mata suna leƙowa ta kan katanga. Na ji wata tana cewa, "Ga shi nan, ya dawo, ashe dai yana da kunya." Daga baya na samu labarin cewa kafin in kai injin niƙa magana ta riga ta shiga cikin gida, kuma ta shiga da ƙari: wai wata Baturiya da na yi wa alkawari ce ta biyo ni har Fulatan. Sa'adatu ta yi kuka har lallen hannunta ya ɓata mata fuska, kakarta kuma ta sa a fara sauke tukwane.

Na iso bakin tabarma. Aka dare mini hanya. Na zube a gaban Malam Isuhu, na ce, "Baba, a gafarce ni." Na fara bayani, manhaja, filash, tauraron ɗan adam. Ina yi ina jin yadda maganar ke fita ba kai ba gindi. Ya bar ni na gama tsaf, sannan ya ce:

"Ni duk ban fahimci wannan ba. Abu ɗaya zan tambaye ka. Akwai wata mace tsakaninka da 'yata?"

"Babu, Baba. Wallahi babu. Wannan ɗin ma ba mace ba ce, murya ce kawai."

"Muryar ce ta ce ka tafi, ka tafi?"

Wani daga baya ya kasa riƙewa ya tuntsire, sai dariya ta ɓarke ko'ina, har liman yana rufe baki da gefen rawani. Malam Isuhu bai yi dariya ba. Ya juya wajen Baffa ya ce, "Alhaji, maimaita abin da ka zo nema. Amma a riƙe mini shi tukuna."

Aka kuwa riƙe ni. Nafi'u ya kama hannun dama, tsohon hedimasta ya kama na hagu, a haka aka ɗaura mini aure, aka shafa fatiha.

Sa'adatu ba ta yi mini magana ba sai da ta kwana biyu a gidana, shi ma sai da na kai ta cikin motar na kunna mata ta ji da kunnenta. Ta saurara, ta taɓe baki ta ce, "Ko muryar ma ba daɗi." Yanzu 'ya'yanmu uku, amma har gobe in muka ɗan saɓa, ba ta ɗaga murya. Sai ta kalle ni a natse ta ce, "Malam, idan da hali, ka juya mana." A Fulatan kuwa babu mai ce mini Injiniya. Ango Mai Ribas suke kira na, har yaran da ba a haifa ba a lokacin.

Abin da na koya bai da yawa. Ranar aurenka, ko agogon bango ka gani ya tsaya, ka bar shi a tsaye. In kuma har ta kama dole ka ruga da gudu don ka ceci taro, to don Allah, kafin ka taka mai, ka leƙo ta taga ka ce musu, "Yanzu zan dawo."