Ranar da na tare kwamfuta

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kashe kwamfutar ofishin ruwa tana tsakiyar aiki ba. A Talata Mafara ne, kuma gaban mutane na sha kunyar.

Ban yi boko ba. Ruwan madatsar Bakolori ya ci gidan ubana ina yaro, da na girma na zama mai buɗe ƙofar ruwa. Daga baya aka mai da ni gadin ofis.

Wata shekara aka ce duk manomin da sunansa bai shiga kwamfuta ba kafin a saki ruwa, ba shi da noman rani. Kowace shiyya da fayil ɗinta, akawu yana ta buɗe su ɗaya-ɗaya, aiki ya ƙi ci. Sai aka ɗauko wani Malam Nasiru daga Gusau. Ya buɗe baƙin allo, ya rubuta layi guda. Ya ce ya umarci kwamfutar ta bi fayilolin duka, ta zuba su rumbun bayanai. Ya danna, shi da akawu suka tafi sallar azahar.

Rubutu ya fara gudu da kansa. Ba hannun kowa! Na tsaya baki buɗe (har hula na cire). Gudu ya ƙaru. A aikinmu in ruwa ya ɓalle ba mai shi, rufewa ake fara yi, tambaya daga baya. Na fizge waya daga bango.

Da suka dawo tare da shugabannin manoman Bakura da Maradun, na tarye su da ƙirji a gaba.

"Malam, ta ɓalle bayanka, amma na tare ta."

Ya dafe kai. "Baba, mi ta yi maka? Aikinta fa take yi. Yanzu rabi sun shiga, rabi na waje."

Wani dattijon Bakura ya ce, "In albasata ta bushe, gidanka zan tare da iyalina."

Na rasa inda zan sa fuskata. Malam Nasiru ya share rabin aikin, ya sake rubuta layin nan, ya ce in zauna kan hannuwana. Na zauna. Kafin la'asar ta gama, sunan kowa ya shiga. Ikon Allah!

Yanzu ina Dosara, ina noman albasa. Ko rediyo ta yi wani irin kuka, mai ita nake kira.