Kabad ɗin Farfesan Bolari

"Duk unguwar Hammadu Kafi babu gidan da zai kai nawa littattafai!" Haka Alhaji Ɗan'azumi mai sayar da tayil ya faɗa mana a majalisa, yana shafa tumbi. Abokina, mutumin nan ko allon shagonsa sai an karanta masa. Farfesan Bolari muke ce masa, don a unguwar Bolari shagon yake, shi kuma yana amsawa.

Abin da ya tayar da shi, malamar 'yarsa Bushra ce ta aiko cewa yarinya tana aji huɗu ba ta iya haɗa baƙi ba. In ba a samar mata abin karantawa a gida ba, za ta maimaita aji.

Gogan naka ya nufi wurin masu sayar wa 'yan ƙosai tsofaffin takardu, ya ciko Keke Napep. Ba ya duba ciki, kauri yake dubawa da launi, wai su dace da labulen falo. Na leƙa, na ga littafin gyaran tarakta, da na dokar haraji, da wani da Jamusanci.

Na ce, "Alhaji, ɗan ƙarami mai hotuna take bukata. Mu a makarantar mishan, guda muka yi ta karɓa-karɓa har ya zama tsumma."

"Shi ya sa ka tsufa a kan keke, Baba! Ƙaramin littafi, ƙaramin ilimi."

Ya sa kafinta ya yi masa kabad mai gilashi, ya jera su, ya datse da kwaɗo, ya jefa makulli a aljihu.

Matarsa Barira ta ce, "Alhaji, a buɗe wa Bushra mana ta taɓa."

"Da hannun miya? Ta zauna ta kalla. Ilimi kamar turaren wuta ne, zama kusa da shi ma ya isa."

Haka baiwar Allah ta yi ta zama gaban gilashi kullum da yamma, tana kallon fuskarta har ta yi gyangyaɗi. Damina ta zo ta wuce. Sakamako ya fito: Bushra za ta maimaita aji.

Farfesa ya yi tsalle ya dire. "Hassada ce! Ku zo ku ɗaukar mini littattafan nan, mu zube su gaban malamar, ta ji kunya!"

Muka bi shi, ni da maƙwabcinmu Wakil, mutumin Borno. Farfesa ya buɗe kwaɗo da taƙama, ya finciko mafi kauri. Bango kawai ya biyo hannunsa, jar ƙasa ta zubo masa a babbar riga. Ya jawo na biyu, haka. Na uku, haka. Ashe gara ta shigo ta bayan kabad, ta bi su shafi-shafi, ba ta tsallake ko na Jamusancin ba.

Wakil ya leƙa, ya gyara hula, ya miƙa masa hannu.

"Barka, Alhaji. Gara dai ta yi sauka. Yaushe ne walima?"